Martani: Kyamarar Auna Gudu da Haƙƙin Direba a Hanyoyin Jigawa

Kyamarar auna gudu na'ura ce da ake kafawa a gefen titi ko a samansa domin ta auna saurin abin hawa, ta ɗauki hoton lambar duk wanda ya zarce iyakar da aka ƙayyade, haɗe da rana da lokaci da wurin da abin ya auku. Da lambar ake gano mai motar a rajista, a aika masa da sanarwar tara. Ana danganta ƙirƙirarta ga Maurice Gatsonides, wani direban tseren mota ɗan ƙasar Holan, wanda ya ƙera ta don auna gudun kansa kafin hukumomi su karɓe ta. Birtaniya ta fara kafa ta a titunan Landan a 1992, Faransa a 2003, Saudiyya kuma ta ƙaddamar da nata tsarin mai suna Saher a 2010. A Najeriya maganar ta yi ƙarfi ne a watan Fabrairun 2025, lokacin da gwamnatin Jihar Legas ta sanar da kafa irin waɗannan kyamarori a wasu manyan titunanta, tare da tarar naira 50,000 ga wanda ya wuce iyaka.

Tun daga nan ake muhawara kan ko ya dace sauran jihohi su bi sahu. Cikin masu adawa akwai wani marubuci da ya ja kunnen mahukuntan Jigawa kada su kuskura su kawo wannan tsari Dutse da kewayenta. Hujjojinsa biyar ne. Ya ce kyamarar ta saɓa wa 'yancin zirga-zirga. Ya ce ramuka da lalacewar hanya ke kashe mutane, kuma babu shaidar cewa kyamara na rage haɗari. Ya ce dabara ce ta tatsar talaka. Ya ce na'ura za ta yanke wa direba hukunci ba a ji ta bakinsa ba. Ya ce kuma leƙen asirin jama'a ne. Hujjoji biyun farko ba su da tushe. Ukun ƙarshe akwai gaskiya a cikinsu, sai dai abin da suke nunawa shi ne sharuɗɗan da ya wajaba a gindaya kafin a kafa kyamarar. Ba su kai ga matsayar marubucin ta a yi watsi da ita ɗungurungum ba.

'Yancin zirga-zirga da iyakar gudu

Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowane ɗan ƙasa 'yancin kai-komo a duk faɗin Najeriya da zama inda ya ga dama. Sashen bai ambaci saurin da za a yi tafiyar da shi ba. Sashe na 45 kuma ya halatta dokar da ta taƙaita wannan 'yanci domin tsaron lafiyar jama'a ko kare haƙƙin wasu, matuƙar taƙaitawar ta dace da hankali a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Gaba da duka, sashe na 33 ya tabbatar da haƙƙin rayuwa, kuma da mai tuƙi da mai tsallaka titi duk ɗaya suke a gabansa.

Iyakar gudu ma ta girmi kyamara da shekaru masu yawa. Ƙa'idojin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ke aiki da su sun ƙayyade wa motar gida kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a babban titi mai tagwayen hannu. Motocin haya da bas-bas an ba su 50 da 80 da 90, tankoki da tireloli kuwa 45 da 50 da 60. Hukumar da kanta an kafa ta tun 1988, dokar da take aiki da ita yanzu kuma ta 2007 ce. Duk wanda ya karɓi lasisin tuƙi ya karɓe shi a kan waɗannan sharuɗɗa. Saboda haka kyamara ba ta ƙirƙiri sabon laifi ba, kuma ba ta rage wa direba ko kilomita ɗaya daga abin da doka ta ba shi ba. Abin da ta rage shi ne damar karya doka a tsira. Marubucin ya cuɗa wannan dama da haƙƙi, alhali babu wata doka da ta san ta.

A fuskar shari'ar Musulunci, wadda jama'ar Jigawa ke komawa gare ta a irin wannan batu, maganar ta fi fitowa fili. Kare rai na cikin manyan manufofin shari'a, kamewa daga cutar da mutane kuma na cikin haƙƙoƙin hanya da aka sani. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Brunei a 1993, ta zartar da cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma shugabanni na da ikon hukunta mai karya su, har da hukuncin tara. Wanda ya kashe rai da mota bisa sakaci, hukuncin kisan kuskure ne ke hawa kansa, da diyya da kaffara.

Su wane ne ke kan hanyar

Babban giɓin maƙalar marubucin shi ne ta ɗauki masu amfani da hanya a matsayin masu riƙe da sitiyari kaɗai. A tsakiyar Jigawa abin ba haka yake ba. Babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta taso ta Wudil da Gaya, ta ratsa Shuwarin da Kiyawa, ta nufi Jama'are da Azare. Wata ta bi ta Kwanar Huguma zuwa Birnin Kudu. Waɗannan hanyoyi ba su kauce wa garuruwa ba, ta tsakiyarsu suka bi. Gida na wannan gefe, gona ko rijiya ko makaranta na wancan. Ranar kasuwar Shuwarin ko Sara ko Gujungu, bakin titi kan cika da masu talla da 'yan acaɓa da amalanken shanu da garken dabbobi, motocin da suka fito daga nesa kuma suna ketawa ta cikinsu. A cikin Dutse, ɗaliban Jami'ar Tarayya na tsallaka titin Ibrahim Aliyu safe da yamma, masu adaidaita sahu na tsayawa ɗaukar fasinja, yara na tafiya Islamiyya. Mafi yawan waɗannan mutane ba su mallaki mota ba, kuma su ne jikinsu ke karɓar bugun idan direba ya kasa tsayawa.

Lissafin gudu ba ya buƙatar jayayya. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Mai tafiyar 100 tana cin kusan 28. Kafin ƙafar direba ta kai ga birki, motar ta riga ta ci wannan tazara. Bayan an taka birkin kuma, idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota za ta ja kafin ta tsaya yakan ninka sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu na ƙara yiwuwar haɗarin da ke kisa da kashi 4 cikin 100, kuma yiwuwar mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi tana ninkawa sau huɗu da rabi daga gudun kilomita 50 zuwa 65.

Ribar da direba ke samu a madadin wannan kasada ƙarama ce. Tafiyar kilomita 100 a kan gudun 100 awa ɗaya ce. A kan gudun 120 minti 50 ce. An rage minti 10, yiwuwar haɗarin kisa kuma ta kusan ninkawa biyu. Garin da tsawonsa a kan titi kilomita 2 ne, mai bin iyakar 50 zai ratsa shi cikin daƙiƙa 144, mai gudun 100 cikin 72. Abin da ake neman a kare masa da sunan haƙƙi bai wuce minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ba.

Mazauna bakin hanya sun daɗe da nuna matsayinsu a aikace. A garuruwa da yawa, da zarar mota ta kaɗe yaro, jama'a kan fito su zuba tudun rage gudu da hannunsu, ba awo ba alama. Irin waɗannan tuddai na lalata motoci, suna kayar da manyan motocin kaya, kuma mai gudu da mai bin doka duk suna shan wahalarsu. A wasu wuraren fushin jama'a kan kai ga duka ko ƙona mota, shi ya sa direban da ya buge mutum yakan tsere maimakon ya tsaya ya kai shi asibiti. Inda hukuma ba ta tsare iyakar gudu ba, wannan ne ke maye gurbinta, kuma ya fi kowace tara tsanani a kan direba.

Ramuka da batun shaida

Lalacewar hanya na haddasa haɗari, haka tsohuwar taya da lodin da ya wuce kima da gyangyaɗi da tuƙi da waya a hannu. Amma rahotannin FRSC shekara da shekaru suna sanya gudun wuce sa'a a kan gaba cikin musabbaban haɗurra, lalacewar hanya kuwa tana can ƙasa da shi. Alƙaluman hukumar sun nuna mutum 5,081 sun mutu a hanyoyin Najeriya a 2023, adadin ya ƙaru zuwa 5,421 a 2024, duk da cewa yawan haɗurran da kansu ya ragu daga 10,617 zuwa 9,570. Haɗari ya ragu, kisa ya ƙaru, wanda ke nuna tsananin kowane haɗari ne ya hau. Gudu kuwa shi ne babban abin da ke mayar da ƙaramin kuskure ya zama asarar rai. Fashewar taya a gudun 60 da fashewarta a gudun 130 ba sakamakonsu ɗaya ba.

Hujjar ramuka ma ta juya wa marubucin baya a inda aka yi gyara. Aikin mayar da hanyar Kano zuwa Maiduguri mai tagwayen hannu ya sa sashen Shuwarin zuwa Azare ya zama shimfiɗaɗɗe. Hanya mai santsi da faɗi tana kiran gudu, alhali garuruwan da ke bakinta suna nan inda suke. Duk inda gwamnati ta toshe rami, buƙatar tsare iyakar gudu ƙaruwa take yi.

Game da shaida, akwai ta da yawa. Nazarin da cibiyar Cochrane ta fitar a 2010 ya tattara bincike 35 daga ƙasashe daban-daban, ya kuma gano raguwar haɗurran da ke kisa ko mummunan rauni da kashi 11 zuwa 44 cikin 100 a wuraren da aka kafa kyamara. Masu nazarin sun yi gargaɗin cewa ingancin wasu binciken matsakaici ne, don haka girman raguwar abin tattaunawa ne, amma dukkansu alƙibla ɗaya suka nuna. A Faransa, bayan Shugaba Jacques Chirac ya sanya tsaron hanya cikin manyan ƙudurorinsa a 2002, mace-macen hanya sun sauko daga sama da 7,000 a shekara zuwa 3,992 a 2010. Wasu matakai sun taimaka, amma raguwar matsakaicin gudu bayan kafa kyamarori ita aka fi dangantawa da sauyin. A yankin Oxfordshire na Ingila an kashe kyamarori a watan Agustan 2010 saboda ƙarancin kuɗi, aka sake kunna su a Afrilun 2011 bayan an ga gudu ya dawo.

Akwai ƙorafin cewa direba kan taka birki a gaban kyamara, ya wuce ya ci gaba da gudunsa. Ko da haka ne, idan kyamarar na ƙofar makaranta ko bakin kasuwa, rage gudun a daidai wurin shi ake nema. Ga doguwar hanya kuma akwai tsarin kyamara biyu, ɗaya a farkon zango ɗaya a ƙarshensa, wanda ke lissafa matsakaicin gudu daga lokacin da mota ta ɗauka tsakaninsu.

Kyamara tana da iyakarta. Gobarar tankar mai a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura, a daren 15 ga Oktoban 2024, ta hallaka fiye da mutum 200, kuma galibinsu wuta ce ta rutsa da su a wajen kwasar man da ya malala. Talauci da rashin wayar da kai da ƙarancin kayan kashe gobara da na jinyar ƙuna, babu wanda kyamara za ta magance a cikinsu. Amma kasancewar magani ba ya warkar da kowace cuta ba hujja ba ce ta hana shi ga cutar da yake warkarwa.

Zargin tatsar kuɗi

A nan marubucin ya taɓo gaskiya. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun 2024 naira 70,000 ne, don haka tarar naira 50,000 irin ta Legas ta haura kashi biyu cikin uku na albashin wata. Ɗauko wannan adadi a ɗora wa direban Dutse zalunci ne. Tarihin ƙasashe ma ya nuna cewa duk inda jama'a suka fahimci kuɗi ake nema, tsarin kan faɗa cikin rikici. A Faransa, lokacin zanga-zangar masu riguna ruwan ɗorawa a 2018 da 2019, an lalata fiye da rabin kyamarorin ƙasar. A Yuganda an dakatar da tsarin tarar na'ura a watan Yunin 2025, jim kaɗan bayan fara shi, saboda nauyin tarar da gajeren wa'adin biya na awa 72. A Ruwanda sai da Shugaba Paul Kagame ya fito a 2021 ya ce iyakar da aka sa a wasu tituna ta yi ƙasa ainun, aka sake dubawa. A lardin Ontariyo na Kanada gwamnati ta haramta kyamarorin a ƙarshen 2025 bisa wannan zargi na tara kuɗi.

Darasin waɗannan misalai shi ne yadda ake ɓata tsarin: tara mai nauyi, iyakar da ba ta dace da hanyar ba, kyamarar da aka ɓoye, da kamfanin da ake biya gwargwadon yawan waɗanda aka kama. Kowanne yana da gyara a doka. Ana iya sa tara hawa-hawa, wanda ya ɗara iyaka kaɗan a fara masa da gargaɗi, mai gudun ganganci a tsananta masa. Ana iya wajabta allon sanarwa da Hausa da Turanci kafin kowace kyamara, kamar yadda Birtaniya ke shafa wa nata fenti ruwan ɗorawa don a hango su daga nesa. Ana iya haramta biyan ɗan kwangila da kason tara, a kuma keɓe kuɗin da aka samu ga alamomin hanya da gadojin tsallakawa da motocin ɗaukar marasa lafiya da sashen gaggawa na asibitoci irin su Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Marubucin ya kuma manta da kwatanta kyamara da abin da ake da shi yanzu. Direbobin haya sun san kuɗin da ke fita daga aljihunsu a shingayen hanya da sunan na goro, ba rasit ba lissafi, ko sun yi laifi ko ba su yi ba. Sun san cewa mai galihu kan wuce da tambayar ko an san shi wane ne, marar galihu kuma a riƙe masa takardu har fasinja su gaji. Kyamara ba ta karɓar na goro, ba ta jin a yi haƙuri, kuma ba ta san ɗan wane ba. Wanda bai wuce iyaka ba ko sisi ba ta karɓa a hannunsa. Wannan adalci yana tabbata ne kawai idan dokar ta hau kan kowa, har da ayarin motocin manya da masu rufe lambarsu. Ranar da aka fara cire sunayen wasu daga jerin masu biya, zargin marubucin ya zama gaskiya.

Direban haya yana da wani matsi da ya kamata a duba. Balas ɗin da mai mota ke jira kullum da rububin layi a tasha su ke tura shi gudu don ya ƙara sawu. Idan sanarwar tara na zuwa ga mai motar, shi ma zai shiga cikin lissafin, dole ya daidaita abin da yake nema da abin da za a iya samu cikin doka. An gwada wata hanya a baya: tun 1 ga Fabrairun 2017 FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. Na'urar tana hana mota wuce wani adadi, amma ba ta san an shigo gari ba. Bas ɗin da aka ƙayyade a 90 zai iya ratsa tsakiyar Kiyawa da 90. Wannan giɓi kyamara ce ke cike shi.

Jin ta bakin direba

Sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya tabbatar da haƙƙin a saurari mutum, da ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar, da cewa ba a hukunta kowa sai da laifin da rubutacciyar doka ta fayyace tare da hukuncinsa. Marubucin ya ɗauka sanarwar tara hukunci ce. A tsarin da aka gina daidai, sanarwar tuhuma ce haɗe da zaɓi: wanda ya amsa laifinsa ya biya, wanda ya musa ya je gaban alƙali. Hoton kyamara shaida ce da ake iya ƙalubalanta. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora wa mai gabatar da shaidar na'ura nauyin nuna cewa na'urar na aiki daidai a lokacin. Direba na da damar neman takardar gwajin kyamarar, ya nuna lambar ba tasa ba ce, ko ya kawo uzurin gaggawa. Wannan ya fi matsayinsa a yau, inda maganarsa ce kawai ke karo da ta jami'i a bakin titi.

Kotunan Najeriya sun riga sun nuna ba za su bar hukumomi su wuce gona da iri ba. A ranar 2 ga Oktoban 2024 Mai Shari'a Evelyn Maha ta Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta hana jami'an duba motoci na birnin tarayya, waɗanda aka fi sani da VIO, tsayar da motoci da kama su da cin tara, bisa dalilin cewa babu dokar da ta ba su wannan iko. Hukuncin gargaɗi ne ga duk jihar da za ta kafa kyamara da sanarwar kwamishina kawai, ba da dokar majalisa ba.

Tambayar wanda ke tuƙi a lokacin ita ma an daɗe da yin shari'a a kanta. Dokar hanya ta Birtaniya ta 1988 ta wajabta wa mai mota ya faɗi wanda ke tuƙinta. Wasu direbobi biyu, O'Halloran da Francis, sun kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai cewa an tilasta musu ba da shaida a kan kansu. A 2007 kotun ta yi watsi da ƙarar, tana mai cewa wanda ya zaɓi mallakar mota da tuƙa ta ya amince da ɗawainiyar da ke tattare da ita, saboda cutar da mota ke iya yi.

Matsalar da ta fi wannan girma a Jigawa ita ce ta rajista. Mota kan wuce hannu uku ko huɗu ba a yi canjin mallaka ba, lambobi da yawa sun goge, babura masu yawa ba su da lamba. Idan aka kafa kyamara a kan irin wannan rajista, tara za ta riƙa zuwa ga wanda ya sayar da motarsa tuntuni. Tsabtace rajista, da sauƙaƙa canjin mallaka da rage kuɗinsa, aiki ne da ya kamata ya riga kafa kyamarar farko.

Sirrin jama'a

Sashe na 37 ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma fargabar marubucin a nan halattacciya ce. Lambar mota an yi ta ne don a gani, ɗaukar hotonta a titi ba kutse ba ne. Amma tara bayanan inda kowace mota ta bi, rana bayan rana, yana iya zama makami a hannun mai mulki a kan ɗan adawa ko ɗan jarida. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shimfiɗa ƙa'idar cewa bayanan mutum ana tattara su ne don manufar da aka bayyana, ba a wuce abin da manufar ke buƙata, kuma ba a ajiye su fiye da lokacin da ya dace. Aiwatar da wannan ga kyamarar gudu abu ne mai sauƙi: ta adana hoton wanda ya wuce iyaka kaɗai, a share shi bayan an rufe maganar, a hana miƙa shi ga kowa sai da umarnin kotu, a kuma sa hukunci ga jami'in da ya fitar da shi.

Hurumi da tsarin aiwatarwa

Kundin tsarin mulki ya sanya zirga-zirga a manyan hanyoyin tarayya cikin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka. Hanyar Kano zuwa Maiduguri ta tarayya ce, don haka kafa kyamara a Shuwarin ko Kiyawa na buƙatar haɗin gwiwa da FRSC da Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya. Titunan cikin Dutse da hanyoyin jiha da suka haɗa Jahun da Miga da Buji da Gwaram kuwa suna ƙarƙashin Majalisar Dokokin Jigawa, ita ce za ta fayyace laifi da tara da hanyar ɗaukaka ƙara, bayan sauraron ra'ayin ƙungiyoyin direbobi da 'yan acaɓa da masu adaidaita sahu da sarakuna da mazauna bakin hanya.

Zaɓen wuri ya kamata ya dogara da bayanan haɗurra na FRSC da 'yan sanda da asibitoci, a fara da 'yan wurare kaɗan inda rayuka suka fi salwanta. Kafin kunna kowace kyamara a tabbatar iyakar da aka sa ta dace da yanayin hanyar kuma an rubuta ta a fili, a ba da watannin gargaɗi ba tare da tara ba, a sanar ta rediyo da tasha da masallatai. Wata hukuma dabam da mai karɓar kuɗin ita za ta riƙa gwada na'urorin, wutar hasken rana kuma ta riƙe su saboda yanayin lantarki. A kowace shekara a wallafa adadin tarar da aka ci, kuɗin da aka tara, inda aka kashe su, da yawan mace-mace da raunuka a kowane wuri kafin kafa kyamarar da bayanta. Wurin da alƙaluman suka nuna babu sauyi a cire kyamarar a nemi wani magani, ko gadar tsallakawa ko shataletale ko gyaran mahaɗa. Wurin da mace-mace suka ragu a bar ta, a faɗaɗa tsarin zuwa makamancinsa.